Aljanin Rumbun Malam Mamudu

Akwai wata yarinya ana ce mata Tabita, 'yar shekara sha biyar, ɗiyar wani manomi mai suna Ishaya daga wani ɗan ƙauye a arewacin Mayahi. Kiristoci ne, gidaje kaɗan a ƙauyen, suna da 'yar majami'arsu ta laka.

Ƙauyensu babu kwalej. Da ta gama ƙaramar lakwal, wato firamare, sai uban ya kawo ta Isawane, ya danƙa ta a hannun Malam Mamudu, abokinsa tun lokacin da suke tafiya cin rani tare.

Malam Mamudu musulmi ne, mutum mai ƙarancin magana. In ya yi gyaran murya a zaure, kaji ma sai su natsu. Matarsa Inna Mairo kuwa ita ta kwashe maganar gidan gaba ɗaya. Suna da ɗiya, Nasiba, sa'ar Tabita. Ajinsu ɗaya, tabarmarsu ɗaya.

Ranar da za ta baro gida, uwar Tabita ta ja ta bayan ɗaki ta yi ƙasa da murya.

"Gidan mutane za ki. Ki ci abin da aka ba ki, ki yi aikin da aka sa ki. Addu'arki ki yi ta a ciki. Kada in ji an ce kin buɗe baki kina yi musu waƙar majami'a. In suka koro ki, karatu ya ƙare, don ba mu da wani gidan. Kin ji ni?"

Tabita ta ce ta ji.

To, ba wanda ya taɓa yi mata kallon banza a gidan. Amma maganar uwarta ta zauna mata a maƙogwaro.

A gida, da murya ta saba yin addu'a, da waƙa ta saba farawa. Nan kuwa in ta rufe ido ta fara a zuci, kafin ta kai tsakiya hankalinta ya tafi wajen lissafin da mushe, malaminsu na aji, ya bayar, ko wajen akuyar da ke kuka a waje. Tana kallon mutanen gidan suna shimfiɗa tabarma a tsakar gida, suna sallarsu a fili, ba ɓoyo. Sai ta ji kamar kowa yana da ƙofar da yake shiga wajen Allah, ita kaɗai aka bari a waje.

A hankali wani tsoro ya fara shigarta: anya Allah bai tsaya a ƙauyensu ba, ita ta taho ta bar shi?

Bayan gidan, can gefen gona, akwai wani tsohon rumbu na zana, na marigayi mahaifin Malam Mamudu. Yana tsaye shi kaɗai, nesa da sauran rumbunan gari. An daɗe ba a zuba masa hatsi ba. Jakai sun cinye zanar ta baya har sun bar wata 'yar kafa.

Kun dai san al'adarmu, mace ba ta leƙa rumbu. Maigida kaɗai ya san abin da ya rage a ciki. Wato duk garin nan, in akwai wurin da ba za a taɓa neman yarinya ba, to can ne.

Wata rana da bazara, rana ta take, kowa ya baje ƙarƙashin dogon yaro, Tabita ta ce za ta je ta yi bita. Ta zagaya, ta duba gabas da yamma, ta cusa kai ta kafar nan.

Ciki warin tsohon gero, haske yana ratsowa ta tsakanin zana siri-siri. Ta durƙusa. Ta ɗauko waƙar da uwarta ke yi in tana daka, a hankali, kamar mai rarrashin jariri. Ba ta kai ƙarshe ba hawaye suka zubo.

"Ya Uba, ashe kana nan," ta ce.

Daga ranar, kullum in gari ya yi tsit da zafin rana, can za ta.

Sai ga wata Maryamu, Bafillatana mai kawo nono daga ruga, ta yanko ta gefen gona don ta rage hanya. Abin da ta ji ita ta sani. Abin da aka gani shi ne ta faɗo gidan Inna Mairo ba sallama, ba ƙwarya, takalmi ƙafa ɗaya.

Da yamma Tabita na tankaɗe a gefe, Inna Mairo tana maimaita wa matan maƙwabta labarin, hannu ɗaya a ƙirji.

"Ni Mairo, ina zaune ta faɗo kaina. Ta ce rumbun tsoho shina nishi. Na ce Maryamu, ko rana ce ta buge ki? Ta ce wace rana, ita da ta girma cikin rana? Murya ce, tana hawa tana sauka, kamar mai ciwon ciki da ke son ya yi waƙa."

Wata ta ce, "Dama wancan wuri ni tuni nake jin jikina in na bi."

Wata ta ce, "Ke da ba ki taɓa bi ba?"

"To ai shi ya sa ban bi ba."

Kafin ranar kasuwa, labari ya yi ƙiba. Muryar ta zama ta tsoho. Tsohon ya yi gemu. An ce yana magana da yaren nasara, an ce rumbun yana girgiza, an ce wani ya ga hayaƙi na fita ta saman jinka.

Abin da ya zo wa Tabita shi ne: ashe duk kwanakin nan ba ita kaɗai ba ce a ciki. Ashe tana durƙushe ido rufe, wani abu mai gemu yana bayanta yana kallonta.

Kada ku yi mata dariya tukuna. Ita 'yar siririyar murya gare ta, su kuwa tsoho suke faɗi. Ko sau ɗaya ba ta kawo kanta ba.

Ta daina zuwa. In hanya ta bi da ita ta wajen, sai ta sunkuyar da kai ta ƙara sauri. Nasiba ma da ke cika baki a aji, yanzu ko zagayawa za ta yi sai ta ce, "Tabita, raka ni, ba tsoro nake ji ba, hira nake so."

Amma da ta daina zuwa, bushewar nan ta dawo. Ta rufe ido, shiru. Ta kira, shiru. Wuri ɗaya ta sani inda take jin Allah kusa da ita, ga shi wani abu ya tare.

Ta yi ta juya abin a ranta. Daga ƙarshe ta ce wa kanta, ai gwaji ne. Allah yana so ya ga ko za ta bar shi saboda tsoro.

Ta koma.

Ta shiga. Ta manna bayanta da zana don kada wani abu ya zagayo ta baya. Ƙadangare ya motsa a jinka, ta ji kamar ranta zai fita. Don ta kori abin, kuma don kada ta ji motsinsa, sai ta ɗaga murya. Tsoro na ƙaruwa, tana ƙara ɗagawa, muryar na rawa tana shaƙewa.

Ranar maza biyu masu dawowa daga sharar gona suka ji da kunnensu. Ɗaya ya bar hularsa a wurin.

Yanzu magana ta wuce ta mata. Ga damina ta matso, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Masu taya Malam Mamudu shuka suka aiko masa cewa su fa ba za su taka wannan gona ba. Matan unguwa suka bar hanyar rijiya ta wajen, suna zagaye mai nisa da tulu a ka. Kowa ya gamu da shi sai ya ce, "Malam, ya kamata a san abin yi."

Shi dai sai ya ce, "To."

Tabita kuwa ta yanke shawarar yin azumi, irin wanda ta ga iyayenta suna yi in suna neman shiriya kan wani al'amari. Da safe ta ce wa Inna Mairo cikinta ne ba daɗi, ta ture kunu. Da aka tashi daga lakwal, ta wuce rumbu kai tsaye.

Ranar ko ganye ba ya motsi.

Ta durƙusa ta ce, "Ya Uba, na gaji da tsoro. In ka yarda da zamana a garin nan, ka nuna mini. In ba ka yarda ba, ka nuna mini. Ka dai yi mini magana, ko kalma ɗaya ce."

Ta jira. Ga zafi, ga yunwa, ga kuka. Ta jingina kai da zana, barci ya sace ta.

Wani ƙara ne ya tashe ta, shaa, shaa, kamar ana jan abu a ƙasa. Ta buɗe ido. Hasken da ke ratsowa ta ƙasa ya ɓace. Ta lallaɓa wajen kafar da take fita, ta miƙa hannu, ƙaya ta soke ta.

An toshe kafar da ƙaya. An jibga karan gero kewaye da rumbun.

Ta sa ido a wata 'yar tsaga. Maza ne tsaye, wasu da sanduna, wasu da adduna. Mata sun yi cirko-cirko can baya. Malam Mamudu yana gaba, leɓunansa suna motsi da addu'ar neman tsari. Wani yana zagayawa da ɗan bido, 'yar jarka, yana yayyafa wani abu. Warin isansi, wato fetur, ya daki hancinta.

Ta ji wani yana cewa, "Yau ce ranar, Malam. Babu iska, wuta ba ta tsallakawa ko'ina."

Malam Mamudu ya ce, "Ku dakata. Rumbun ubana ne, ban ƙona shi kan an ce an ce. Ina Maryamu? Zo ki faɗi abin da kika ji, kada ki ƙara, kada ki rage."

Aka turo Maryamu gaba tana tirjewa.

"Malam, ni daga nan ma ina iya faɗi."

"Faɗi."

"Ban ji kalma ba. Amma ga yadda shike yi."

Ta toshe hanci, ta kumbura kumatu, ta fara gunji. Ta hau, ta sauka, ta ja ƙarshen ta karya shi. Duk da ta murguɗe shi kamar tsohuwar igiya, Tabita ta gane.

Waƙar uwarta ce ta daka.

Ta zame ta zauna. Babu tsoho. Babu gemu. Abin da ya hana matan unguwa bin hanyar rijiya, abin da ya kori masu shuka, abin da ita kanta ta yi ta yi wa waƙa don ya fita, ita ce.

Da ku ne, na san cewa za ku yi sai ku ƙwala ihu. Amma ku tuna me ke cikin kan yarinyar nan. In ta yi magana, gari duka zai ji cewa ita ce ke waƙar majami'a a rumbun mahaifin maigida. Mace, baƙuwa, cikin rumbu. Ta ga kanta a bayan kabu-kabu da ƙunshin kayanta, ta ga fuskar uwarta a ƙofar gida.

Ta ce a ranta, wataƙila su fasa. Wataƙila in suka ji shiru su watse.

Malam Mamudu ya matso kusa, har tana jin numfashinsa ta bayan zana.

"Kai wanda ke ciki," ya ce, "ko mi kake, halittar Allah kake kamar mu. Ba mu zo da niyyar zalunci ba. In kana da magana, yi ta yanzu."

Tabita ta buɗe baki. Harshenta ya manne, bushe ƙamas saboda azumi. Abin da ya fito bai fi numfashi ba.

Ta runtse ido. Ya Uba, me zan yi? Ka ce wani abu.

Abin da ta ji shi ne ƙarar ƙyasta alimeti, wato ashana.

Kara ya kama da wani irin huci. Hayaƙi ya shigo ta ƙasa, fari da farko, sannan baƙi. Zafi ya taso ta tafin ƙafarta. Tari ya sarƙe ta, kuma tarin ne ya buɗe mata maƙogwaro.

"Ya Yesu, ka cece ni!"

A karon farko tun zuwanta garin, ta kira sunan da dukan muryarta. Kuma da ta ji shi ya fita, sauran ya biyo baya da kansa.

"Baba! Baba, ni ce! Tabita ce!"

Rabin taron ya watse. Masu sanduna suka riga mata gudu.

Wani daga nesa ya ce, "Kada ka saurara, Malam. Haka suke, muryar mutane suke ara."

"Ƙwarai," in ji wani. "So shike ka matso."

Malam Mamudu ya tsaya kamar an kafe shi. Tabita tana hango shi ta cikin hayaƙi, yana kallon rumbun, yana kallon mutane. Ta daki zana da hannu biyu.

"Baba, wuta."

Inna Mairo ta damƙi kafaɗar Nasiba. "Ina 'yar'uwarki?"

"Ta ce za ta bita."

"Bita a ina?"

"Ban sani ba, Inna, kullum haka take cewa."

Inna Mairo ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗaure zane ta ratsa maza. Wani ya riƙo ta, ta fizge.

"Sake ni. Aljani ko ba aljani ba, muryar ɗiyata na ji."

Ta kama ƙayar nan da hannu tsirara tana ja. Ganin haka ya farkar da Malam Mamudu. Ya fizgi adda daga hannun wani, ya zagaya gefen da wuta ba ta kai ba, ya sari zana, ya sake sara, ya cusa hannu cikin hayaƙi ya lalubo. Da ya ji hannun mutum, sai ya ja da ƙarfinsa duka.

Suka faɗi tare a kan rairayi. Gefen zanenta yana ci, Inna Mairo ta tumurmushe shi da ƙasa.

Ba a jima ba jinkar rumbun ta rufta ciki.

Mutane suka dawo ɗai-ɗai, suna kallon yarinya, suna kallon wuta. Maryamu ta leƙo ta bayan wata mata, ta daɗe tana dubanta.

"Wannan 'yar abin?" ta ce. "To gemun fa?"

Ba wanda ya iya dariya a lokacin.

Aka kai ta gida. Aka ba ta ruwa, aka shafa mata magani a ƙafa. Inna Mairo ta zauna Nasiba na cire mata ƙaya daga tafin hannu. Tabita kuwa ta lallaɓa ɗaki, ta fara ninke kayanta tana kuka marar sauti.

Bayan la'asar Malam Mamudu ya aiko a kira ta. Ta tarar da shi zaune a tsakar gida, ya ɗora hannuwansa kan gwiwa. Ta durƙusa nesa.

"Mi ya kai ki?"

"Addu'a nake yi, Baba."

"A rumbu."

"Eh."

"Ɗaki ya yi miki kaɗan?"

Ya jira. Da ta ga ba zai ƙara cewa komai ba, sai ta faɗa masa duka, da gargaɗin uwarta, da tsoron kora, da yadda ita ma ta yi ta jin tsoron aljanin.

Malam Mamudu ya ɗago ya dube ta.

"Na kira," ya ce. "Na ce in kana da magana ka yi. Kina jina?"

"Ina ji."

"Kika zaɓi wuta da ki amsa mini."

Ba tsawa ya yi ba. Da tsawar ce da ta fi mata sauƙi.

"Ni da ubanki mun yi shekaru ɗaki guda a wajen cin rani. In na tada salla shi ke tsare mini kaya. In ya durƙusa da asuba shina waƙarshi, ni ke hura mana wutar shayi. Da ya kawo ki, bai ce mini ga rabin ɗiyata ba. Na san wadda na amsa. Yau da mi zan je in gaya mishi? In ce ni na ƙyasta da hannuna?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Gobe sai in tafi."

"Ki tahi ina?" Inna Mairo ce daga bakin murhu. "Wa zai ci tuwon da na ƙara wa gari? Je ki kwance wanga ƙunshi tun ban taso ba. Kuma tunda ke kaɗai ce macen da ta ga cikin rumbun gidan nan, gaya mini gaskiya, akwai wani abu da shike ɓoye mini?"

"Babu komi, Inna. Sai ƙadangare."

"Na sani."

Washegari Tabita ta leƙa bayan gida. Toka ce kawai da duwatsun da rumbun ya zauna a kai. Ta tsaya tana kallo. Nan ne wurin da ta san ana samun Allah, ga shi babu.

Da rana ta take, ta shiga ɗaki. Ta kai hannu za ta saki labule, sai ta fasa, ta bar shi a ɗage. Ta durƙusa a kan tabarmarsu ita da Nasiba. Tana jin motsin Inna Mairo a tsakar gida, tana jin tarin Malam Mamudu a zaure.

Ta fara waƙar, can ƙasa-ƙasa. Layi ɗaya, layi biyu. Sai ta ji abin nan da take ji a rumbu ya sauko mata, bai ragu da komai ba.

Motsin tsakar gida ya tsaya.

Tabita ta haɗiye sauran waƙar. Ta riƙe numfashi.

"Tabita," in ji Inna Mairo.

"Na'am, Inna."

"Ɗaga murya kaɗan, mu san ke ce."

Darasi: Allah ba ya zaune a lungu ɗaya yana jiran ka sato hanya ka zo, yana kusa da mai kiransa a duk inda yake. Tsoron da ka ƙi furtawa shi ke girma har ya yi gemu, ya tsorata ka, ya tsorata maƙwabtanka. Kafin ka yanke cewa mutane za su ƙi ka, ka ba su dama su amsa da bakinsu. Ku kuma masu riƙon 'ya'yan wasu, kada ku ce ai sun san an yarda da su. Ku faɗa musu tun ranar da suka sauke kaya. Ku tura labarin nan ga duk wanda ke riƙon ɗan wani, da duk yarinyar da ke zaune gidan mutane tana haɗiye maganarta.